Duwatsun Niƙan da ke Gindin Ɗorawarmu

Ni ban iya dogon zance ba, karatuna ma na yaƙi da jahilci ne, wanda na yi da goyo a bayana. Amma 'ya'yana sun matsa mini in rubuta yadda aka yi gidan mahaifina bai tashi daga bayan ganuwar Ƙaraye ba, alhali kuwa har an faɗa musu su fara neman inda za su koma. To, ga shi kamar yadda na gani da idona, a zamanin Turawa.

Mu asalinmu Maguzawa ne, wato Hausawan da suka zauna a kan al'adar kakanni ba su shiga Musulunci ba. Gidanmu babban gida ne na gandu, a gefen hanyar da ke fita zuwa Rogo, da itatuwan ɗorawa huɗu a bayansa. Babbar cikinsu, mutum uku sai sun haɗa hannu kafin su kewaye ta. Ina ƙarama, tsakaninmu da gidajen gari akwai gonaki, sai mun ratsa dawa kafin mu kai kasuwa. Kafin in yi aure gari ya tsallako ganuwa, gida na bin gida, har ya kewaye mu. Shi ya sa Kaka, mahaifiyar babana, takan ce mu ba mu shigo gari ba, gari ne ya tako ya same mu.

Kaka ce ta raine ni, don mahaifiyata ta rasu tun ban san fuskarta ba. Sunan Kaka aka sa mini, saboda haka Baba ba ya iya kiran sunana, sai dai ya ce Uwata. Ita kuwa takwara take ce mini, kuma ba ta gajiya da tsokanata. Da wani magini na cikin gari ya neme ni, na musulunta na aure shi, ba ta yi fushi ba. Cewa ta yi in je, amma in sani ko sau nawa na yi alwala a yini, hannuna ba zai daina ƙanshin daddawa ba. Gaskiya ta faɗa. Ɗorawar nan ita ce rayuwar matan gidanmu: a sha garinta, a dafa kalwa a yi daddawa a kai kasuwa, ɓawon kuma a jiƙa a yi makuba, wadda maigidana da kansa yake zuwa karɓa in zai yi daɓe.

Ina da 'ya'ya biyu aka buɗe ajin mata na yaƙi da jahilci a gidan mai unguwarmu. Bayan azahar muke zuwa, kowa da ɗan allonta. Ba ni da saurin ganewa, sai dai ba na fashi, kuma in na koma gida nakan yi ta jan baƙaƙe da gawayi a bangon madafa har su zauna mini. Wasu matan ajin sukan ce mini 'yar Maguzawa in malama ta juya baya. Ban taɓa tankawa ba. Na ga ai ba ƙarya suka yi mini ba.

A bazarar shekara ta biyu da fara karatuna, ɗorawa ta nuna ana shirin kaɗa ta, sai magana ta tashi. Wani attajiri mai sayen gyaɗa ya ga filin gidanmu ya yi masa, tunda yana bakin hanya, mota za ta iya tsayawa ta yi lodi. Yana so a sare itatuwan ya kafa rumfa da sikeli kafin kaka. Ya kai maganar gaban hakimi, ya ce mutanen gidan nan ba 'yan ƙasa ba ne, baƙi ne da aka ba aron wuri, kuma akwai takarda da ta nuna haka daga bakinsu. Aka duba, aka sami takardar. Sai aka aiko wa Baba cewa wakilin hakimi zai zo ya ji ta bakinsa nan da mako biyu, in kuwa abin da takarda ta faɗa haka ne, to su kwashe amfanin ɗorawar bana su koma wajen danginsu na ƙauye.

Da na je gaishe su, na tarar da gidan shiru kamar an yi rasuwa. Na tambayi Baba wace takarda ce wannan. Ya kawar da kai ya ce maganar maza ce. Na sake tambaya, ya tashi ya ɗauki fartanya ya fita.

Ana cikin haka sai ga wata Baturiya ta sauka a garin. Ba mai mulki ba ce, ba kuma likita ba. Aikinta tambaya. Ta ce tana bin garuruwa ne tana binciken yadda mutanen asali irinmu suke zama idan gari ya haɗiye su: a ina suke ɗiban ruwa, a ina suke binne matattunsu, ana ba su wuri a kasuwa ko ana kora su gefe, wa ke sauraronsu in an taɓa haƙƙinsu. Ta riga ta zaga ta Yammedi da Kafin Dafga ta ga na ƙauye, yanzu na gari take so. Tana jin Hausa, amma ta hanci take fitar da ita, Kaka kuma ba haƙori, don haka aka ga ba za su fahimci juna ba sai da na tsakiya. Malamarmu ta ce ga 'yar gidan nan a ajinta. Maigidana ya ce in je, ai gidan ubana ne.

Ranar farko, muna zaune a tabarma a ƙofar ɗakin Kaka, Baturiyar ta fito da wani tsohon littafi mai baƙin bango. Ta ce wani ɗan ƙasarsu ne ya zo nan shekarun baya da irin aikinta, tafintansa ya rubuta amsoshin mutane da Hausa kamar yadda suka faɗa, aka bar kwafi ɗaya a garin, ɗaya kuma ya zo hannunta. Ta buɗe wani shafi ta miƙo mini, ta ce tunda an ce na iya, in karanta mata da bakin 'yar gida.

Na sa yatsa ina bi a hankali. An rubuta: "Mu baƙi ne. Daga wajen Rogo muka zo shekara biyu ke nan. In damina ta wuce, ko ta wuce da ƙafa ɗaya, za mu koma."

Ban ƙarasa shafin ba na tsaya. Duk duniya mutum ɗaya na sani da ke cewa damina ta wuce da ƙafa ɗaya, in yana nufin ruwa bai isa ba. Baba ne. Na ji kamar yana tsaye a kaina yana magana. Wannan ce takardar da attajiri yake taƙama da ita, kuma ba wanda ya ƙaga wa mahaifina, shi ya faɗa.

Da yamma na same shi a gindin rumbu yana gyaran ƙotar gatari. Na durƙusa na gaishe shi, na ce masa na karanta. Sai ya ajiye ƙotar ya ba ni labarin. Lokacin babban yaƙin Turawa ne, ana ɗiban maza a kai su haƙar kuza a Jos, wasu su dawo da tari, wasu ba su dawo ba. Rana ɗaya sai ga Bature da littafi yana tambayar maza nawa ne a gidan, tun yaushe suke nan. Mazan gida suka haɗa baki a kan cewa wannan mai rubuta sunayen waɗanda za a ɗiba ne, kuma ba a ɗibar baƙo a garin da ba nasa ba. Sai Baba, da yake shi ne babba, ya ce su baƙi ne. Baturen ya rubuta, ya yi godiya, ya tafi. Ba a ɗebi kowa a gidan ba, suka yi ta murna cewa dabararsu ta ci, ba su san mutumin ba ruwansa da kuza ba.

"Uwata," in ji shi, "na rufe ƙofa don kura, ashe kaina na rufe a waje."

Na ce masa to ya faɗi gaskiya gaban wakili. Ya ce wa zai yarda da mutumin da ya ce jiya ƙarya ya yi? Takarda ba ta tsufa, ba ta mantuwa, shi kuwa ba shi da shaida sai bakinsa, bakin kuma shi ne ya jawo. Na koma gida na sa wa miyar dare gishiri sau biyu.

Baturiyar ta ci gaba da zuwa kullum da hantsi. Na gaya mata abin da Baba ya ce. Fuskarta ta yi ja, ta ce ita ba ta da ikon yanke hukunci a garin kowa, tambaya kawai take yi ta rubuta. Amma ta ce wanda ya riga ta zuwa maza kaɗai ya tambaya, rana ɗaya kuma ya yi, ita za ta zauna da mata ko da wata guda ne. Tambayoyinta kuwa har dariya suke ba mu. Wa ya koya miki daddawa? In tukunya ta fashe ina ake kai ta? Kaka ta sa mata suna Jar Ƙawa, tana ce mata ita dai ba ta da aikin yi a garinsu, shi ya sa ta zo ƙirga tsingaron mutane.

Rana ta biyar muka tarar da Kaka tana niƙa. Ta tsufa, amma ba ta yarda wata ta taɓa dutsenta. Tana niƙa tana 'yar waƙarta da na taso ina ji, wadda take kiran wasu mata a ciki: mai baƙin dutse, da bahaguwa, da 'yar ƙarama mai ɗauko dutse a ka, da wadda ta huda dutse. Ni a zatona waƙa ce kawai ta rage wahalar niƙa. Baturiyar ta tsuguna ta shafa cikin dutsen, ta ga yadda ya zurma kamar akushi, ta tambayi shekararsa nawa. Kaka ta ce tun tana amarya take kansa. Ta sake tambaya, to na surukarki fa, ina yake?

"Yana inda ya kamata," in ji Kaka, ta nuna babbar ɗorawa da haɓa. "Kusa da na tata surukar."

Na ajiye fassara na juya na dubi Kaka. Na ce ta sake faɗa mini, ni, ba Baturiya ba.

Ashe al'ada ce ta matan gidanmu. Duk wadda ta zama uwargida, da dutsen niƙanta take rayuwa. Dutse kuwa ba ya ƙarewa da wuri, ana niƙa ana koɗa shi in ya yi santsi, yana ramewa kaɗan-kaɗan, sai mace ta tsufa a kansa kafin ya zurma. In ta mutu, aka yi kwana bakwai, matan gida su ɗauki dutsen su kai gindin babbar ɗorawa, su kife shi kusa da na wadda ta gabace ta, su rufe da ƙasa. Maza ba sa zuwa, ba sa ma tambaya. Ni ban taɓa gani ba don rabon da a yi tun kafin a haife ni. Matan da ke cikin waƙar nan kuwa su ne masu duwatsun, bi da bi, kowace uwargida tana koya wa matar ɗanta.

Na ce, "Kaka, ai shaidarmu ke nan. Baƙon shekara biyu ba ya binne dutse huɗu."

Ta daina niƙa ta harare ni. Ta ce ko kusa, ba mai tone iyayen gidanta don wani mai sikeli ya kalla. Ta ce na shiga gari na koyi rashin kunya. Ban yi gardama ba. Na karɓi tsintsiya na tattara mata garin da ya zube, na ce mata in aka tashe su, gatari zai fara da ɗorawar, sannan a daɓe wurin, mota ta riƙa taka iyayen gidan nata da lodin gyaɗa, ita kuma nata dutsen a kife shi a ƙasar da ba wadda ta san shi. Na yi mata sallama na tafi.

Kwana biyu ba ta yi mini magana ba. A na uku ta aiko a kira ni. Na tarar ta yi wanka ta ɗaura baƙin zanenta na saƙi. Ta ce ta yi tunani. "Da ransu sun yi wa gidan nan niƙa. Su ƙara na yini ɗaya ba zai kashe su ba."

Daga nan ne karatuna ya yi rana. Na ga in aka tona kawai aka ga duwatsu, za a ce ai ko'ina aka tona a ƙasar nan ana samun dutse. Sai na ce gara a rubuta kamannin kowanne tun yana cikin ƙasa, a ba wakili takardar, sannan a tona a gwada. Baturiyar ta ba ni farar takarda da fensir, ta ce ita ba za ta sa hannu ba, kada a ce Turawa ne suka shirya. Yini biyu na yi ina rubutun nan a ƙofar ɗakin Kaka. Tana faɗa ina jan baƙi, in na yi kuskure in goge da ɗan yatsa har takardar ta yi duhu a wani wurin. Tana ta mita, wai kaza ma ta fi ni saurin tono. Ga abin da muka rubuta: a fara daga babbar saiwar da ta nufi gabas, a bi ta hannun rijiyar gidanmu. Na farko baƙi ne, da ɓalli a baki inda taɓarya ta faɗa masa, wannan Kaka da hannunta ta kife shi. Na biyu ya zurma ta gefen hagu, don mai shi bahaguwa ce. Na uku ƙarami ne ja, irin na duwatsun wajen Rogo. Na huɗu a huje yake. Ukun nan Kaka ba ta taɓa ganinsu ba, a waƙa kawai ta san su. In waƙa ta yi ƙari fa, kamar yadda waƙa takan yi?

Ranar da aka sa, wakilin hakimi ya zo da hantsi da magatakardansa da mai unguwa. Aka shimfiɗa musu tabarma a inuwar ɗorawar kanta. Attajiri ya zo da babbar riga. Mutanen gari suka cika wurin, mata suna leƙe ta kan danga, har da na ajinmu. Baturiyar ta zauna can gefe da littafinta a cinya.

Magatakarda ya karanta tsohuwar takarda. Wakili ya tambayi Baba ko maganarsa ce. Baba ya ce tasa ce, kuma ƙarya ce, tsoron ɗiban kuza ya sa shi. Wasu dattawa a cikin taron suka gyaɗa kai, don ba wanda ya manta da shekarun nan. Attajiri ya yi murmushi ya ce, ranka ya daɗe, wanda ya yi ƙarya don tsoro ai zai yi don fili. Wakili ya ce wannan ma magana ce, ya tambayi Baba ko yana da shaida.

Na ja mayafina na matso na durƙusa. Muryata ba ta da ƙarfi, sai da wakili ya ce a yi shiru. Na ce, ranka ya daɗe, shaidunmu mata ne, suna ƙarƙashin tabarmar da kake zaune. Aka yi 'yar dariya. Na bayyana masa al'adar, na miƙa takardata ga magatakarda. Ya duba ta sama da ƙasa, ya tambayi wanda ya rubuta. Na ce ni ce. Ya ce rubutun ya karkace amma yana karantuwa. Wakili ya sa aka janye tabarma, ya zaɓi mutum biyu daga cikin 'yan kallo, waɗanda ba danginmu ba, aka ba su fartanya. Ya ce magatakarda ya riƙe takardar yana bi, ni kuma in faɗi kamannin kowane dutse da ka kafin a fito da shi.

Kafin a sara ƙasa, Kaka ta zo da 'yar ƙwarya ta zuba ruwan gari a gindin itacen tana magana ƙasa-ƙasa. Ni na sunkuyar da kai na yi tawa addu'ar yadda aka koya mini. Ba wanda ya hana wani.

Ba a yi kamu biyu ba fartanya ta yi ƙara. Aka share ƙasa, aka juyo dutsen. Baƙi ne, ga ɓallin a bakinsa. Kaka ta ce ita ce ta saki taɓaryar tana amarya, kuma ta sha faɗa a kansa. Na biyu ya ɗan fi nisa. Da aka kwantar da shi, mai unguwa ya zuba ruwan butarsa a ciki, ruwan ya gangara gefen hagu ya taru. Taron ya ɗauki guna-guni.

Attajiri ya miƙe ya ce mako biyu aka ba mutanen nan, kuma mako biyu ya isa a binne dutse goma. Kaka ta ɗago ta dube shi da idonta ɗaya mai gani sosai.

"Kai ɗan nan, zauna," in ji ta. "Ba kai ne uwarka ke aikowa sayen daddawa ba, kana komawa da baki rawaya don satar garin ɗorawata? A lokacin baƙuwa ce ni, ko kuwa?"

Dariya ta ɓarke, har wakili ya rufe baki da hannun riga. Attajirin ma sai da ya murmusa, ya ce, "Iya, ai ba a tona wannan."

"Yau ranar tono ce," in ji Kaka.

Na uku ya fito ƙarami ja kamar yadda aka rubuta. Na huɗu ne ya ƙi fitowa. Masu tono suka yi ta ja, ya ƙi motsi. Da suka buɗe gefensa sosai sai suka ja da baya suka kira wakili ya zo ya gani da kansa. Dutsen a huje yake, kuma saiwar ɗorawa, kaurinta ya kai damtsen namiji, ta shiga ta hujin ta fita ta ɗaya gefen ta ci gaba da tafiyarta. Har ta matse a wurin ta kumbura gaba da baya. Wakili ya tsuguna ya taɓa. Ya ɗago ya tambayi attajiri ko a mako biyun aka shuka wannan ma. Attajirin ya ce gani ya kori ji.

Ni a nan na ɗauka an gama, takardata ma ta ƙare. Amma ɗaya daga masu tonon, don ya gyara bakin ramin, ya ƙara sara gaba kaɗan, sai fartanya ta sake yin ƙara. Aka buɗe, ga na biyar. Gaba da shi kuma ga na shida, ya rame har ya kusa zama faifai. Ba sa cikin waƙa, ba sa cikin takardata, ba mai rai da ya san da su. Kaka ta dafa kafaɗata ta sauka a kan gwiwoyinta a bakin ramin, ta yi gaisuwa irin ta amarya gaban surukai.

"Sannunku da hutawa, iyayen gidana," in ji ta. "Ku yi haƙuri, ba a gaya mini da ku ba."

Na ga Baba ya juya baya yana goge ido da hularsa.

Wakili ya sa aka mayar da kowane dutse yadda aka same shi, a kife, aka rufe. Ya ce zai kai abin da ya gani. Bayan kwana uku aka aiko da amsa: gida na masu shi ne, itatuwa nasu ne, ba baƙi ba ne, kada a sake kiransu da haka a kan maganar fili. Attajiri aka nuna masa wani wuri can gaba a bakin hanya, ya kafa rumfarsa a can. Takardata kuwa magatakarda ya ce ba zai dawo da ita ba, za a liƙa ta jikin tsohuwar, duk wanda ya karanta waccan ya karanta wannan. A makon nan aka kaɗa ɗorawa. Ban taɓa ganin an yi guɗa a kaɗar ɗorawa ba sai ran nan.

Da na koma aji, wadda ta fi kowa ce mini 'yar Maguzawa ta matsa mini wuri a tabarmarta, ta ce in nuna mata yadda ake ƙugiyar baƙin ɗa, wai nata kullum sai ya zama da. Na nuna mata.

Ran da Baturiyar za ta tafi, ta zo sallama da tsohon littafin nan mai baƙin bango. Ta buɗe shafin Baba, ta nuna mini ɗan filin da ya rage a ƙasa, ta ba ni fensir. Ta ce littafin zai koma inda masu karatu za su riƙa buɗe shi, ba ta so ya koma yadda ya zo. Na tambayi Baba me zan sa. Ya ce in sa abin da na ga dama, shi ya gama magana da takarda har abada. Sai na rubuta: "Wannan magana tsoro ne ya faɗe ta. Mutanen gidan nan 'yan ƙasa ne. An tona an ga dutsen niƙa shida. Ni 'yarsa na rubuta." Kaka ta ce a ƙara cewa na bakwai yana nan yana aiki. Na ƙara.

Kaka ta yi damina huɗu bayan wannan. Ta sa duwatsu biyun nan a waƙarta, tana ce musu waɗanda suka yi shiru, ta kuma tabbatar matar babban wana ta haddace. Da ta rasu, ranar bakwai, matan gida suka aiko mini, ko da yake na yi aure a waje kuma na bar al'ada. Suka ce takwara ba ta zama a gida ran nan. Mu huɗu muka ɗauki dutsen, da nauyinsa, muka kai gindin ɗorawa. Ni na share wurin kusa da baƙin nan mai ɓalli, muka kife shi. Cikinsa da ɗan sauran gari a maƙale, wata ta kai hannu za ta goge, na ce ta bar shi.